Ranar da Mutanen Kura Suka Tare Tsohuwa

Ku samarin yanzu da kuke hawa babur ku je gindin dutse, ku ɗauki hoto, ku dawo gida kafin la'asar, na ji kuna cewa wai abin da na yi a zamanina ba sana'a ba ce, yawo ne ake biya na in yi. Ɗan ƙanena ma har cewa ya yi, "Baba Habu, ai ba wani abu ba ne, gaba kawai kake shiga su bi ka." To, kallon kitse kuke yi wa rogo. Ku zauna in gaya muku yadda ake ɗaukar manomin Kura ko na Bunkure, mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa hawa abin da ya fi rumbu tsawo ba, a kai shi can duwatsun kudu ya ga ruwa yana zubowa daga sama, a dawo da shi gida da ƙafafunsa lafiya, kuma bai ɓata wa masu wurin rai ba. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin aikin, shi ne kuma ya kusa raba ni da sana'ar.

Tafiyata ta farko a bayan Kawu Ɗan'azumi na yi ta, yayan mahaifiyata, wanda fataucin zuma ne abincinsa. A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin ke nan, ina saurayi, ina jin ƙarfi kamar zan tsaga ƙasa. Kawu yakan wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya sauka a ɓangaren Doguwa, daga nan ya shiga duwatsu da ƙafa ya sayi zuma a hannun mutanen da suke zaune a can. Ni ne mai ɗaukar garewani. Kawu ba mutum ne mai bayani ba. Idan na taka dutse da yatsu sai in ji sanda a ƙwaurina, a nan na san da dukan tafin ƙafa ake taka dutse. Idan na nufi dutsen da ya yi gansakuka, sanda. Idan na buɗe gora zan kwankwaɗi ruwa muna tsakiyar hawa, sanda, domin mai hawa kurɓa yake yi, in ya cika ciki ya zama buhu. Kafin mu kai sama ƙwaurina ya haddace karatun tsaf.

Ruwan kuwa jin sa ake yi kafin a gan shi. Muna cikin kurmi sai na ji wani gurnani ƙasa-ƙasa, kamar injin niƙa a unguwa mai nisa. Muka ƙara gaba, iska ta yi sanyi, ganye duk ya jiƙe alhali babu hadari. Muna zagaya wani ƙaton dutse sai ga shi. Jama'a! Ruwa ne fari fat, yana faɗowa daga inda sai ka riƙe hula kafin ka hango, yana dukan dutse yana tashi sama, ga bakan gizo a tsaye a cikinsa da rana tsaka. Ni da na saba da ruwan kanal, wato hanyar ban ruwa da gwamnati ta gina mana, mai tafiya a kwance cikin ladabi kamar an aike shi, ban san lokacin da na yar da garwa na kurma ihu ba. Kawu ya toshe mini baki da tafin hannunsa ya ce, "Kai Habu, a gaban Tsohuwa kake wannan haukan?"

Tsohuwa, haka masu wurin suke kiran ruwan idan za su faɗa da Hausa. Suna da yarensu, ƙauyensu kuma yana ƙasa da mazubar ruwan kaɗan, inda ruwan yake bin wani kwari ya wuce ta bayan gidajensu, mata suna ɗiba. Mai kula da ita wani dattijo ne siriri, Baba Gimba, kullum da lofe a baki ko babu taba a ciki. Babu baƙon da yake hawa wurin Tsohuwa sai an zauna da shi an gaisa, an ajiye masa gishiri da goro. Shi ne ya gaya mini dokokin wurin da bakinsa. Ba a sa mata sabulu, ba a zubar da jini a gabanta ko na tsuntsu ne. Sai babbar, wadda ya cire lofe daga bakinsa kafin ya faɗa: ba a tare ta. Ya ce kakanninsu sun bar musu magana cewa ranar da Tsohuwa ta daina saukowa ƙauyen, zamansu a kan dutsen ya ƙare, sai kowa ya ɗaure kayansa. Na ce masa, "Baba, wa zai iya tare wannan ruwa?" Ya dube ni ya mayar da lofensa.

Da muka dawo gida na zama rediyo. Duk inda aka taru a bakin kanal ana jiran layin ban ruwa, ni ne da labarin Tsohuwa. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne da na ce, in ji Kawu, wannan ruwan shi ne yake gangarowa ya haɗu da 'yan'uwansa su zama kogi, su shiga dam ɗin Tiga, a sako mana su ta kanal har cikin tumatirinmu. Wani dattijo ya ajiye fartanya ya ce, "Ashe ba gwamnati ce ta yi ruwan ba?" Aka yi ta dariya, amma da na dubi fuskokinsu na san ba shi kaɗai ne yake zaton haka ba. Sai wani ya ce gani ya kori ji, in kai shi. Wani ya ce shi ma. Kafin a gama yankan alkama na wannan shekarar na tara ayari, kuma daga nan aka fara kirana Habu Jagora.

Mutanena ba masu hali ba ne, don haka rabin sana'ar shi ne ka sa tafiya ta yi arha har ɗan ƙwadago ya iya zuwa. Akwai manyan motoci masu bodin katako da suke tafiya Jos ba kaya don su ɗauko dankalin Turawa. Na yi abota da direbobinsu a Kwanar Ɗangora, su kwashe mu a baya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, muna tsaye muna riƙe da katako, iska tana kaɗa mana riguna, ana waƙa ana tsokanar juna har Doguwa. Guzuri kuwa garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli da yaji da albasa. Masauki kuma gonarmu ce take biya mana. Na lura mutanen dutse ba sa ganin tumatir da rani, saboda haka kowane matafiyi sai ya ɗauro ɗan kwando daga gonarsa. Wallahi kwandon jan tumatir ya buɗe mini ƙofofin da kuɗi ba za su buɗe ba.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da ranarsa. Sandar gora wadda ta kai kafaɗa, igiya mai kauri a naɗe a ƙugu, adda, man kaɗanya na shafa wa ƙafa, allura ta cire ƙaya, da ashana a cikin kwalba an toshe bakinta, don feshin ruwan nan yana jiƙa har abin da yake cikin aljihu. Takalmi kuwa na taya ne, wanda wani baduku a kasuwar Kura yake yanka mini. Duk wanda zai bi ni sai na duba ƙafarsa kafin in duba fuskarsa. Wani ɗan kasuwa daga Madobi ya taɓa zuwa mini da babbar riga ta sha aiki, wai zai je wurin da mutunci. Na ce, "Alhaji, a cire." Ya ce, "Yaro, ka san kuɗin rigar nan kuwa?" Na ƙyale shi. Muna shiga kurmi sarƙaƙiya ta ce salamu alaikum. Ta kama hannun dama, ya juya zai ɓamɓare ta kama na hagu. Sai da muka taru muka zare shi daga cikin rigar, ya ƙarasa hawan da singileti, rigar a naɗe a ka kamar gammo.

Akwai wata 'yar siririyar hanya a jikin dutsen, hagu bango, dama rami. A nan ake sanin jagora. Mutumin da yake cika baki a mota, a nan za ka ga ya durƙusa yana karanto duk addu'ar da ya sani. Sabon shiga sai ya ce masa kada ya kalli ƙasa, kuma da ka faɗi haka ka gama da shi, ƙasan zai kalla. Ni abin da nake yi, sai in miƙa masa bakin sanda in ce, "Wai Malam, tumatirin naka na bana wane iri ka sa? An ce na maƙwabcinka ya fi naka." Ai shi ke nan. Sai ya miƙe tsaye ya fara rantse-rantse, yana bayanin taki da ban ruwa, yana tafiya bai sani ba. Mutumin Kura in ya shiga zancen tumatir, mutuwa ma mantawa yake yi da ita.

Ba kowa ne ya so abin ba. An yi ta ƙananan maganganu cewa wurin tsafi nake kai Musulmi. Malam Sani, mai makarantar Islamiyya a garinmu, wanda shi ma manomi ne kamar kowa, ya ce ba zai yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, ya biyo mu. Da ya ga ruwan, ya daɗe a tsaye yana tasbihi, hawaye yana bin gemunsa. Ya yi alwala, ya ja mu sallar azahar a kan wani faffaɗan dutse, masu wurin suna gefe ba wanda ya ce mana uffan. Da muka dawo aka tambaye shi, sai ya ce, "Ruwa na Allah ne, gida na masu gida ne. Mu ba ruwa muke girmamawa ba, haƙƙin mai masauki muke kiyayewa." Bayan wannan magana har dattawa suka fara nemana. Shekarun nan na ji daɗinsu ƙwarai. Babu abin da ya kai ka tsaya a gefe kana kallon fuskar mutum a lokacin da ya zagayo dutsen nan ya ga Tsohuwa karon farko.

Sai shekarar fari ta zo, wajen tamanin da uku zuwa da huɗu. Damina ta yi ƙwauro, gero ya bushe a tsaye, kowa ya dawo ya rataya a wuyan noman rani. Ruwan kanal ya zama abin faɗa. Masu gonakin sama su toshe su sha su ƙoshi, na ƙarshen layi su yi ta zaman jira. Cikin na ƙarshen layin nan akwai Garba, wanda ya girme ni, nake ce masa Yaya Garba. Duk yankinmu babu wanda ya kai shi iya ban ruwa. Da ɗan laka da ciyawa zai juya ruwa ya bi inda yake so, fangali bayan fangali, wato ƙananan kwamin da muke raba gona, ba ɗigon da zai ɓata. Amma iyawa ba ta amfani in ruwan bai iso ba. A idonsa tumatirinsa ya yi fure ya zubar. Da bazara ta kama, shi da waɗansu suka same ni. Ya ce, "Habu, kai mu mu ga uwar ruwan nan. In ita ma ta ƙafe, mu san inda dare ya yi mana."

Mun isa ƙauyen da hantsi ya ɗaga, rana kamar ta dafa mutum. Baba Gimba ya karɓi gishiri da goro, ya tambayi Kawu, wanda a lokacin ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida. Da ya ga mutanena suna ta fifita da huluna, sai ya ce su hau su sha iska tunda waɗansu sun san hanya, ni in zauna in ba shi labarin abokinsa. Na tara su na maimaita musu dokoki kamar kullum, kowa ya ce ya ji. Suka hau. Muka zauna a gindin ɗorawa muna hira, yana gaya mini Tsohuwa ta rame bana yadda bai taɓa gani ba, amma dai tana saukowa.

Muna cikin haka sai muka ji kururuwa daga bayan gidaje. Wata mata ta fito a guje da ƙwarya a hannu, tana kifa ta tana nuna wa mutane babu komai a ciki. Muka ruga kwarin. Dutsen yana nan a jiƙe, amma ruwa ya ɗauke ƙaf, sai 'yan ƙananan kifaye suna ta mutsu-mutsu a laka. Lofen Baba Gimba ya faɗi daga bakinsa, bai ko sunkuya ya ɗauka ba. Ya ce da Hausa, a hankali, "Ta tafi." Mata suka ɗora hannu a ka. Wani magidanci ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska. Na ga wata tsohuwa ta nufi turke ta fara kwance awakinta tana kuka. Tausayi ya kama ni, sai kuma zargi ya ɗarsu a raina, domin na san mutanena. Na ce, "Baba, mu hau tukuna."

Ban taɓa hawa wannan hanya da sauri irin na ranar ba, Baba Gimba da mazan ƙauyen suna biye da ni. Muna zagaya dutsen na ga abin da nake tsoro. Tsohuwa tana nan tana zubowa, siririya. Amma a ƙasanta, inda ruwan yake bazuwa a kan faffaɗan dutse kafin ya shiga kwari, an gina madatsa. Kuma gaskiya ko ba daɗi, aiki ne mai kyau: duwatsu a jere, an liƙe da laka, an danne da ciyawa, ko zufa ba ta fita. Ruwa ya taru ya kai gwiwa. Mutanena sun naɗe wanduna sun kewaye shi, waɗansu suna alwala, waɗansu suna wasa da ƙafa a ciki kamar yara. Garba ya hango ni ya washe baki, hannunsa duk laka.

"Habu, zo ka ga aiki! Ruwa yana ta ɓarna a kan dutse, ko buta ba ta cika. Yanzu dubi!"

Na ce, "Yaya Garba, me na gaya muku a ƙasa?"

Ya ce, "Ai ba tare ta na yi ba, tara ta na yi. A wannan shekarar a bar ruwa yana malala a banza?"

Sai a lokacin ya ga waɗanda suke bayana, ya ga fuskokinsu, murmushin ya gudu. Samarin ƙauyen suka fara matsowa. Na shiga tsakani da sandata a kwance. Garba ya ɗaga ƙafa zai rushe madatsar, Baba Gimba ya daka masa tsawa ya tsaya. Dattijon ya zo gabansa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai manomi ne?"

"Manomi ne, Baba."

"A garinku, gonarka tana sama ne ko tana ƙasa?"

Garba ya sunkuyar da kai. "A ƙarshen layi take."

"To in na sama ya tara ruwa don kada ya malala a banza, kai me kake samu?"

Garba ya dubi hannunsa mai laka. Wannan ƙaton mutum, wanda bai yi kuka ba ranar da gonarsa ta bushe, sai ga hawaye shar-shar. Ya ce, "Wallahi Baba ban tuna akwai mutane a ƙasa ba." Baba Gimba ya ce, "Na saman naka ma haka suke cewa."

Bai yarda a rushe ta da ƙafa ba. Ya ce hannun da ya ɗora dutse shi zai sauke, kuma kowane dutse a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Haka Garba ya durƙusa yana cirewa ɗaya bayan ɗaya, yana neman gurbin kowanne, mu muna tsaye a rana. Ruwa ya sami hanya ya gangara. Jim kaɗan muka jiyo guɗar mata daga ƙasa. Na ce a raina an tsira. Amma da muka sauko, Baba Gimba ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin gishirin da na kawo, ya ɗora mini a hannu. Ya ce, "Ɗan Kano, tafi da abinka. Hanya ta rufe, gare ka da duk wanda ya fito daga wajenku."

Wannan ita ce muguwar shekarata, ba farin ba. Damina ta dawo ta yi kyau, kaka ta zo, lokacin da Tsohuwa take cika take batsewa, lokacin da na fi samun matafiya, ni kuwa ina Kadawa ina dakon kwanduna. Direbobin dankali su wuce su danna mini hon. A majalisa ana ce mini Jagoran Kwando. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kawu, domin hanyar zumarsa ma ta rufe tare da tawa, abotar da ya gina tun ban san kaina ba. Bai zage ni ba, bai ce komai ba, kuma da ya ɗauko sandar nan tasa ya fi mini sauƙi. Na koma ni kaɗai da gishiri, aka tsayar da ni a bakin ƙauye aka ce Baba ba ya ganin baƙi.

Da sanyi ya shigo aka sake dasa tumatir, Garba ya zo gidanmu ya ce, "Habu, ni na ɓata, tashi mu je tare." Muka je. Wannan karon Baba Gimba ya fito, amma bai ba mu wurin zama ba. Ya daɗe yana tsotsar lofe, sa'an nan ya ce, "Kun ce Tsohuwa tana zuwa garinku. Ina so in je in ga abin da kuke yi mata a can. In na gani zan san abin da zan ce." Garba ya yi murna, ni kuwa na shiga tunani. Mutumin da ya rufe mana hanya saboda madatsar da ba ta wuce gwiwa ba, shi zan kai ya ga Tiga?

Duk da haka, ban taɓa jin daɗin jagora irin na wannan tafiya ba. Dattijon nan bai taɓa wuce kasuwar Doguwa ba. Muka ɗora shi a kan buhunan dankali, mota ta ɗauki gudu, ya riƙe hula da hannu ɗaya, ya riƙe ni da ɗaya, yana dariya kamar yaro, yana tambayar ina duwatsu suka tafi, wa ya share ƙasar nan haka. Amma da muka sauka muka tsaya a bakin dam ɗin, dariya ta ɗauke. Ruwa iya ganinka, ga bango ya tokare shi daga wannan tudu zuwa wancan. Baba Gimba ya bi bangon da kallo har ƙarshensa. Can ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na ce, "Gwamnati ce, Baba." Ya waiwaya ya dubi Garba ya ce, "Danginku ne?" Ba wanda ya yi dariya. Na ce a raina, Habu, sai ka riƙe kwandonka da kyau.

Daga nan muka bi babban kanal a motar kasuwa, muka ratsa Bunkure muka nufo gida. Ya ga inda ake buɗe ƙofofin ƙarfe ruwa ya rabu. Ya ga alkama kore shar har inda ido ya tsaya, a tsakiyar rani, lokacin da ko ciyawa babu a kan dutsensu. Ya ga albasa, ya ga masara, ya ga kwandunan tumatir an jera a bakin titi ana lodi, mutane kamar ranar kasuwa, shanu suna shan ruwa a gefe. Kansa kawai yake juyawa hagu da dama. Muka sauka muka taka da ƙafa har ƙarshen layi, gonar Garba. Ranar layinsa ce ta ban ruwa. Muka tsaya muna jira, sai ga ruwan ya taho a ɗan siririn lambatu, a hankali, ja-ja, yana ture busasshen ganye a gabansa. Garba ya durƙusa ya buɗe bakin fangali da hannu, ruwan ya shiga ya kewaye gindin tumatir.

Baba Gimba ya cire lofe ya sa a aljihu. Ya tsuguna a bakin lambatun, ya ɗebo ruwan a tafin hannu, ya yi masa magana da yarensu, doguwar magana, irin yadda ake gaida wanda aka daɗe ba a gani ba. Sa'an nan ya kurɓa. Ya ce, "Ta gaji. Amma ita ce."

Ya miƙe ya dubi gonakin da muka ratso. "Duk waɗannan mutane ita take ciyarwa?"

Na ce, "Duk, Baba. Da waɗanda ba ka gani ba."

Ya girgiza kai, idonsa ya ciko. "Mu muna can muna zaton mu kaɗai ne jikokinta."

Ya share ido da bakin riga, ya juyo gare ni.

"Ɗan Kano, ina gishirina?"

Na zaro ƙullin daga jaka na miƙa masa. Ya karɓa ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya ce, "Ka kawo su. Ba a hana jika gaida kakarsa. A nan aiki take yi, ku tare ta ku sake ta yadda kuka saba, amma ku riƙa tunawa da na ƙasa. Can kuwa gidanta ne, hutawa take yi. Ka gaya wa Ɗan'azumi zumarsa tana jiransa." Sai ya nuna Garba da baki. "Wannan kuma, in zai zo, a ɗaure masa hannu ta baya tun daga gindin dutse."

Garba ya yi dariya har ya zauna a cikin laka. Ni kuwa na yi ta kabbara a tsakiyar gona, maƙwabta suna leƙowa suna tambayar ko haihuwa aka yi.

Tafiyar da ta biyo baya, Yaya Garba ne ya fara hawa mota, kuma da igiyarsa ya zo.